Motar Inna da Ƙofar Kwantena

Zan faɗi labarin motar nan bi da bi, yadda ya faru, domin duk wanda ya ɗauko shi a unguwarmu daga tsakiya yake farawa, daga wurin da ake dariya. Ni ba na son haka. Kowane abu yana da farko.

Farkon wannan surukata ce. Inna muke ce mata, ni da ɗan nata. Tana zaune a wani ƙauye arewa da Tawa, a ƙasar Nijar. Tana da ciwon sukari, kuma duk wata sai an kai ta asibitin birni an duba ta an ba ta magani. Da rani babu matsala, ana samun mota. Da damina kuwa akwai wata ƙorama da ke raba ƙauyen da titi. In ta cika, motoci a wancan gefen suke tsayawa, in ta janye kuma sai ta bar laka da yashi. Saboda haka a amalanken shanu ake ɗora Inna a ƙetara da ita. Wata damina amalanken ya karkace a tsakiyar ruwa, ta jiƙe har wuya, ta daɗe tana tari. Yayan mijina ne ya aiko da labarin ta waya muna cin abinci. Mijina ya ajiye cokali ya ce, "Na rantse, damina mai zuwa Inna ba ta hawan amalanke."

Ni Bakanuwa ce, shi Ba'adare. A ƙasar waje muke zaune, a wata unguwa da ake kira Highbridge, can saman tudu. Yana tuƙa tasi, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Na san shi da yawan shiri da ƙarancin gamawa, amma ban taɓa jin ya rantse a kan abin da ya shafi mahaifiyarsa ya fasa ba. Don haka na ce masa, "To Malam, in za a yi, a yi shi a tsare."

Abu na biyu shi ne motar kanta. Cikin sanyi ya je gwanjo ya dawo da wata a-kori-kura fara mai ƙofa huɗu, mai shan dizal, wanda shi yake kira gazuwal. Ta yi aikin magina, bayanta duk tabon siminti ne, amma injinta lafiya lau. Ya ce ya zaɓi mai dizal ne saboda bakaniken gida ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Daga wurin gwanjon bai zo gida ba, sai da ya biya unguwar Morrisania wurin wani Alhaji mutumin Damagaram, wanda yake da shago kuma yake loda wa mutanenmu kwantena zuwa Kwatano. Alhaji ya fito da tef ya auna tsawonta, ya auna faɗinta, ya auna tsayinta, ya ce za ta shiga. Ya ba ta wuri a bakin ƙofa, a kwantenar da za ta tashi da zarar sanyi ya sassauta. Ya ce in ta samu wannan jirgin ruwan za ta isa ƙauye kafin ruwan fari. In ta rasa shi, na bayansa sai tsakiyar damina.

Da an tsaya a nan, da babu labari.

Abu na uku, yayan mijina ya tura hoton ƙoramar mai motsi, wanda aka ɗauka lokacin da wata motar gwamnati ta kafe a cikinta har ƙofa. Mijina ya yi ta kallon hoton nan a falo, a kicin, har a layin jiran fasinja. Daga nan ya kai wa bakanikensa, wani dattijo siriri ɗan zangon Kumasi da ke da gareji a Soundview. Masta kowa yake ce masa. Shi a bakinsa mota namiji ce, komai ma namiji ne. Ya kalli hoton, ya kalli tayoyin motarmu, ya yi tsaki.

"Wannan taya? Wannan na zuwa biki ne. In ya shiga ruwan nan, ku da shanu za ku jawo shi."

"To ƙaƙa za a yi?" in ji mijina.

"A ɗaga shi sama. A sa mishi manya."

Ranar Lahadi nake hutu, saboda haka duk Lahadi nakan dafa shinkafa da wake in zuba a kula in bi shi garejin. Ba don ina son warin baƙin mai ba. Na je ne don na ga yadda suka fara: Masta yana kwance noti yana jefawa ƙasa, mijina yana taka su yana waya. Na sa aka nemo mini gwangwanayen tumatir, na wanke su, na jera a kan benci. Notin gaba na dama a nan, na gaba na hagu a nan, na baya haka. Masta ya tsaya da sifana a hannu yana kallona.

"Hajiya, shekara nawa ina aiki, noti bai taɓa ɓace mini ba."

"Wannan na ƙarƙashin takalminka fa, na wane ne?"

Ya ɗaga ƙafa ya duba. Ya ce wa mijina, da sunan tsokanar da ya laƙaba masa, "Sarkin Yashi, ina ka samo wannan soja?"

"A Kano," in ji mijina. "Kuma ba a mayarwa."

Ga yadda aikin ya tafi. Da farko aka ɗaga motar aka cire tayoyinta duka, ta tsaya a kan ƙarafa kamar saniyar da aka rataye. Sannan aka cire sifirin ɗin gaba aka sa dogaye. A baya kuma aka kwance ƙarafan da ke riƙe aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin biyu, aka cusa wasu tubalan ƙarfe masu kauri a tsakani, aka ɗaure da sababbin ƙusoshi. Bayan haka sai aka ga tiyon birki ya miƙe kamar igiyar shanya, domin jikin motar ya yi nisa da ƙafafunta. Mijina ya ce ai yana kaiwa, a bar shi. Na ce ba za a ɗora Inna a motar da birkinta yake "yana kaiwa" ba. Masta ya goyi bayana, aka sayo dogaye.

Sai tayoyin suka iso. Na ga manyan tayoyi a titi, amma ban taɓa tsayawa kusa da su ba. Kowace ɗaya ta kusa kai mini ƙugu, haƙoranta kamar na garmar noma. Da aka ɗaura na gaba aka karya sitiyari, sai muka ji gurrr, tayar tana cin jikin motar. Masta ya ɗauko injin yankan ƙarfe. Mijina ya dafe kai ya juya baya, wai ba zai iya kallo ba. Ni na kalla, na kuma sa ya goge bakin yankan ya shafa fenti, kada tsatsa ta shiga.

Muka ɗauka an gama. Da aka fita gwaji sai motar ta yi nauyin ƙafa, tana nishi a hawan tudu kamar mai ciki, allurar gudu kuma tana nuna abin da bai kai gudun da ake yi ba. Masta ya ce haka abin yake, babbar taya tana son a canja haƙoran cikin aksul, in ba haka ba yashi zai kashe giya. Wannan ya ci wasu Lahadin. A ƙarshe aka kai ta wurin masu daidaita ƙafa, aka dawo da ita tana tafiya sak.

Ranar da ya shigo da ita layinmu, mutanen shagon aski na ƙasan gidanmu, 'yan Dominika, suka fito suna tafi suna fito. 'Yata babba ta leƙo ta taga ta yi wata magana da Turanci wadda ma'anarta ita ce kada ya kuskura ya kai ta makaranta a cikin wannan abu. Shi kuwa bakinsa har kunne. Duk safiyar da motar shara za ta wuce, shi yake riga kowa sauka ya matsar da ita ɗaya gefen titi, ya zauna can sama yana kallon rufin motocin mutane yana shan shayi.

Saura tsofaffin tayoyin. Masta ya ce a bar su a gareji a zubar. Mijina ya dube shi kamar ya ce a zubar da hatsi. Mu ba ma zubar da taya mai sauran rai, akwai mai bukatarta a gida. Ya loda su da wilinsu a tasinsa, biyu a but biyu a kujerar baya, ya kai wa Alhaji ya ce saƙon yayansa ne. Alhaji ya karɓa, a zatonsa safaya ce. Kuma a ƙa'idar lodi, abu mai nauyi da ba ya fashewa shi ake fara sawa, can ƙuryar kwantena. Duk cikinmu babu wanda ya gaya wa Alhaji cewa motar ta ƙara tsawo, babu kuma wanda ya tuna kwantena tana da ƙofa. Hankalin kowa yana kan ƙorama.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata a sani kafin in ci gaba. In aka ji mutum zai tura mota gida, motar ta daina zama tasa shi kaɗai. Kowa yana da abin aikawa: wannan atamfa, wannan man shafawa, wannan takalman jikoki, wannan tukunyar dafa shinkafa ta lantarki zuwa garin da ba shi da wuta. Ba a cewa a'a. Tunda tamu mai buɗaɗɗen baya ce, matan unguwa suka ɗauka an buɗe musu rumbu. Na ce musu ban yarda a tara mini kaya a falo ba, kowa ya kawo nasa filin lodi a ranar, a ɗaure, da sunan mai karɓa a jiki.

Ranar ta zo, wata Asabar da safe. Filin yana Hunts Point, kusa da ruwa, iska tana shiga har ƙashi. An jingina bayan kwantenar da wani dandamali na siminti, yadda mota za ta hau ta shige kai tsaye. An riga an cika fiye da rabinta: ganguna shuɗɗa, katifu, firji, har da wata ƙaramar mota da aka ɗaga hancinta sama a kan katako. Direban tirelar da zai ja ta zuwa tashar jirgi a New Jersey yana zaune a kan motarsa, wani ƙaton mutum ɗan Jamaika, ya ce dole ya isa kafin a rufe ƙofar tasha da yamma. Mata sun zo da jakunkunan bakko, sun tsaya gefe guda suna hira, kowace ta ɗora babbar rigar sanyi a kan atamfa.

Muka shigo, mijina yana tuƙi, Masta yana gefensa, ina baya. Alhaji yana riƙe da kofin shayi. Ya kalle mu, ya kalli bayanmu kamar akwai wata motar da ke tafe.

"Malam, ina motar?"

"Ga ta nan, Alhaji."

"Wannan ba ita na auna ba."

"Ita ce. Gyara kaɗan munka yi mata."

"Kaɗan?" Alhaji ya ajiye kofin a kan ganga. "Na auna jaki, ka kawo mini raƙumi."

Ya ɗauko tef ya sa aka riƙe masa tsani. Ya auna motar, ya je ya auna ƙofar, ya dawo ya sake auna motar. Sai ya ɗaga tafin hannunsa ya buɗe shi duka, ya nuna mana. Rufin motar ya fi ƙofar da kusan taƙi guda.

Nan fa kowa ya fara magana lokaci ɗaya. Na ce su yi shiru a bi abin ɗaya bayan ɗaya. Na farko, a mayar da tsofaffin tayoyi, a loda manyan a baya. Masta ya ce wannan aikin ɗan lokaci ne, ina suke? Alhaji ya nuna cikin kwantenar da baki, can bayan ganguna, bayan katifu, bayan firji, bayan motar da ke rataye. Ya ce kafin a fito da su a mayar da komai, gobe ta yi. Na biyu, a nemo wasu tayoyin aro. Masta ya ce wilin wannan mota ba irin na kowa ba ne, kuma mai shagon da ya sani ba ya buɗewa ranar Asabar. Na uku, a kwance ɗagawar. Masta ya yi dariyar da ba ta da daɗi. Na huɗu, a nemo kwantena mai tsayi. Alhaji ya ce akwai, amma sai jirgi na gaba.

Mijina ya je ya zauna a kan wata ganga, ya cire hula ya riƙe a hannu. Tun watanni yake gaya wa Inna cewa motarta tana tafe, har ta sa an share mata wuri a ƙarƙashin bedi, wato darbejiya. Na je na tsaya kusa da shi. Ya ce a hankali, "Hajiya, mi zan ce mata?"

Na ce, "Ba za ka ce mata komai ba tukuna. Sa hularka, akwai sanyi."

Masta bai tsaya jaje ba. Ya hau ya kwance wasu ƙananan fitilu da ke jere a kan rufin, ya toshe ramukan. Sannan ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sace musu iska, suna huci, motar tana durƙusawa sannu a hankali har tayoyin suka baje kamar ƙafar agwagwa. Ya ce ba zai wuce nan ba, kada wili ya yanka roba. Alhaji ya sake hawa tsani ya auna. Wannan karon yatsu uku ya ɗaga.

Yatsu uku. Muka tsaya muna kallon su.

A cikin matan akwai wata Hajiya 'yar Ghana mai sayar da abinci a Morrisania, mace mai jiki, Allah ya yi mata albarkar ƙiba. Ta gaji da tsayuwa, gwiwa tana damunta. An sauke murfin bayan motar, kuma yanzu da iska ta fita ya yi ƙasa, ga wasu katakan lodi a jibge a wurin. Sai ta taka su ta juya ta zauna a kan murfin, ta ce, "Wash!" Motar ta ce ƙiiit, ta sunkuya.

Alhaji yana kan tsani, tef ɗinsa yana kan rufin. Ya ce, "Hajiya, tashi."

"Me na yi? Ba a zama ne?"

"Don Allah tashi." Ta tashi tana ƙunƙuni. "Yauwa, koma ki zauna."

"Alhaji, ni ba sa'arka ba ce fa."

"Zauna, don girman Allah!"

Ta zauna. Ya duba tef ɗin, ya sauko da sauri har ya kusa faɗuwa. Ya ce ƙarfen saman ƙofa ne kawai matsalar, ya fi rufin ciki sauka ƙasa. In motar ta wuce wannan ƙarfen, a ciki tana da wurin miƙewa. Ana bukatar nauyi na ɗan lokaci, nauyin da zai iya sauka da ƙafarsa.

Duk muka juya muka kalli matan. Su ma suka kalli juna.

Da an bar su, da sun hau yadda suka ga dama, a taru a bayan, gaban ya ɗaga. Masta ya ce masu nauyi su matsa kusa da kan motar. To wa zai ce wa mace ke ce mai nauyi? Maza duka suka sami abin kallo a ƙasa. Ni aikina ɗaga mutane ne daga gado zuwa kujera, ido kawai nake sawa in san abin da ke gabana. Na ce, "Hajiya mai abinci, ke ce gaba. Maman 'yan biyu, bi ta. Ke kuma Yaya, kusa da su."

Wadda na kira Yaya ta ce, "Ni? Ai rigar sanyi ce ta sa kike ganin haka."

"To ke da rigar ku hau tare."

Aka shimfiɗa kwali saboda tabon siminti. Muka taimaka musu suka hau, suka zauna a ƙasa ƙafa a miƙe, kafaɗa da kafaɗa, suna dariya suna zagina. Na ce duk mai dogon ɗauri ta sauke shi, ba na son ƙofa ta cire wa kowa ɗankwali a gaban maza. A kujerun ciki aka jera buhunan shinkafa da batura na wani saƙon. Maza suka zauna can baya a bakin murfi, suka ba mata baya, da jakunkuna a tsakani. Alhaji ya auna. Saura yatsa ɗaya.

Direban tirela ya sauko tun ɗazu yana ɗaukarmu hoto da waya, yana dariya har da riƙe ciki. Hajiya mai abinci ta nuna shi ta ce, "Wancan fa? Shi kaɗai ya yi mu biyu." Alhaji ya je ya yi masa bayani da Turanci. Ya ce a duk shekarunsa na jan kwantena ba a taɓa loda shi a ciki ba. Amma ya hau, ya zauna a tsakiyar maza ya naɗe ƙafa, motar ta ƙara yin ƙara.

Mijina ya kama ƙofar direba zai shiga. Na ce, "Malam, ina za ka?"

"Motar uwata ce, ni ka shigar da ita."

"In ka shiga, ta ina za ka fito? Ƙofa ba za ta buɗu a ciki ba."

Ya kalli faɗin kwantenar, ya kalli 'yar tagar da ke bayan kujeru, wadda ita kaɗai ce mafita, sannan ya kalli tumbinsa. Masta ya karɓe makullin daga hannunsa ya ce, "Sarkin Yashi, je ka hau baya. Yau tuwon da ka ci zai yi amfani."

Aka naɗe madubai. Na hau daga ƙarshe na zauna kusa da Yaya. Masta ya tayar da injin, hayaƙin dizal ya turnuƙe mu, mata suka ja mayafi suka rufe hanci. Alhaji yana gefe yana ɗaga hannu yana cewa sannu, sannu, dama kaɗan, tsaya, taho. Kowa bismilla yake yi. Hancin motar ya shige. Gilashin gaba ya shige. Sai muka ji ƙiiiii a samanmu, ƙarfe yana lasar fenti. Masta ya taka birki. Maman 'yan biyu ta ce, "Ku riƙe numfashi!" Hajiya mai abinci ta ce, "Ke, numfashi ake so ya fita ko nauyi? Ku matso nan!" Muka ja jiki gaba gaba ɗaya muka danne ta, tana ihu wai mun karya mata gwiwa. Ƙarar ta tsaya. Masta ya saki birki. Inuwar ƙarfen nan ta bi ta kan fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sai muka tsinci kanmu a cikin duhu da warin katifa.

Wata ta rangaɗa guɗa a cikin kwantenar nan, ƙarar ta cika kunne kamar a cikin tulu.

Na ce kada kowa ya motsa. Yadda aka hau a tsare, haka za a sauka, na baya ya fara, Alhaji yana haska rufin da tocila yana kallon tazarar. Ɗaya bayan ɗaya muka sauka, motar tana miƙewa kaɗan kaɗan, har ta tsaya da 'yar tazara tsakaninta da rufi. Masta ya fito ta tagar baya, kai ya fara fitowa, sannan kafaɗa, sai aljihun wandonsa ya maƙale. Mijina da direban tirela suka ja shi kamar ana zare zare daga allura. Ya sauko yana riƙe da wandon da hannu ɗaya yana cewa a rubuta wa Inna ta saya masa sabo.

Sauran aikin ya tafi yadda ya kamata. Aka kafa katako a gaba da bayan kowace taya aka buga ƙusa, aka ɗaure motar da igiyoyi ta kusurwa huɗu, aka cire kan batir. Sannan aka cika bayanta da jakunkunan mata har babu wurin sa hannu. Aka rufe ƙofa aka sa hatimi. Direban ya yi mana hon mai tsawo ya fita da sauran rana. Hajiya mai abinci ta buɗe but ɗin motarta, ashe ta zo da tukunya, muka ci a tsaye cikin iska.

A hanyar gida, cikin jirgin ƙasa, mijina ya kira yayansa yana ba shi labari yana dariya, yana farawa daga guɗa yana komawa tayoyi. Na karɓe wayar. Na ce, "Yaya, saurara da kyau. In an buɗe a Kwatano, a fara sauke jakunkuna. Kada a sa wa tayoyi iska tukuna. A nemo mutane masu jiki su hau baya, masu nauyi a gaba. Direba ya zama siriri, ta taga zai shiga. Sai ta fito waje sannan a hura tayoyi." Ya sa na maimaita. Daga baya ya ce a tashar Kwatano bai ma nemi kowa ba, kafin ya rufe baki motar ta cika da mutane.

Motar ta isa ƙauye hadari yana haɗuwa amma bai zuba ba. Muka jira. Wata rana da rana tsaka, ina gidan wata tsohuwa da nake kula da ita, ina yanka mata farce, sai saƙon murya ya shigo. Na gama farcen, na wanke hannu, sannan na saurara. Muryar Inna ce, da ƙarar inji a bayanta.

"Ɗiyata, ina wuni, ina aiki, ina yara. To ƙorama ta cika jiya, yau munka ƙetare. Ko tafin ƙafata bai taɓa ruwa ba. Likita ya gan ni, ya ce da sauƙi. Ki ce ma mijinki Allah shi yi mai albarka, da shi da duk wanda ya sa hannu. Amma ɗiyata, wagga mota ta cika tsawo. In muna ratsa gari ina hangen cikin gidan kowa ta saman danga. Ashe rabin matan garin ga ba su share tsakar gida sai in baƙo za shi zo. Na faɗa ma biyu yau. Wata mai zuwa sauran za su ji."

Na tura wa mijina saƙon, na koma na ɗora wa tsohuwata ruwan shayi.